Ruwan da Harra Ta Dafa wa Inna

Ni na matsa wa 'yata sai ta kai ni in ga garinmu, ita kuwa ta yi ta ja da baya tana cewa, "Ya ummi, ba komai a can sai rana." Da ta gaji da mitata, mijinta ya ɗauke mu a mota bayan asuba, muka bar Madina, muka ratsa Badr, muka miƙe teku na hannun hagu, baƙaƙen duwatsu na hannun dama. Tafiyar da raƙumi ke kwana da kwanaki yana yi, kafin la'asar mun cinye ta. Da muka isa na ce a tsaya, na fito ina dogara sanda, na duba gabas na duba yamma. Kwalta ce shimfiɗe a inda muke shanya kifi, ga gidajen hutu masu fararen katanga, ga gidan mai. Na rufe ido ko zan ji wani abu da na sani, ban ji komai ba sai wucewar manyan motoci. Tun da muka dawo nake zaune a ɗakina a unguwar Azizya ta Madina, na'urar sanyi na gurnani a bango, ni kuwa hankalina na can, a wani ɗan gari da ba shi da ko allon suna a bakin hanya.

Gari ne tsuke tsakanin abubuwa biyu. Ta yamma bahar, wato teku, ta gabas kuma harra, wato wannan shimfiɗar baƙin dutse da wuta ta amayar ta sandare, mai kaifi kamar fasasshen tulu, da tsaunuka masu baki a buɗe jere a bayanta. Yawancin mutanen garin Larabawa ne masunta, mu Hausawa gida kaɗan ne a gefen arewa. Kakata, mahaifiyar Baba, da ƙafa ta taso daga ƙasar Hausa ita da mijinta za su aikin Hajji, suka yi shekaru a hanya suna noma suna ƙodago, a Sudan ta haifi Baba. Bayan sun sauke farali mijin ya rasu, guzurin komawa babu, wani mai jirgin ruwa ya ɗauki Baba aiki yana saurayi, shi ya kawo su wannan gaɓa. Kaka takan yi dariya ta ce ita da ko rafi ba ta yarda da shi ba, ga ta ta haifi ɗan ruwa. Kuma takan ce mana, "Maƙwabta biyu Allah ya ba mu a nan. Ɗaya yana ciyar da mu amma ba a juya masa baya, ɗaya yana barci amma ba a yi masa ihu a ka."

Abin da ke tashe ni kullum a can ƙarar dutsen niƙa ce. Matan Larabawa da nasu mai juyawa suke niƙa, amma Kaka ta ce hannunta bai san shi ba, ta sa Baba ya ɗauko mata wani falalen dutse daga harra ya sassaƙa shi irin na gida, uwa da ɗanta. Baƙi ne wuluk, mai ƙananan ƙofofi kamar saƙar zuma, yana cin gero kamar yana jin yunwa. Inna, mahaifiyata, na durƙushe a kansa tana waƙar niƙa da Hausar da yanzu ko jikokina ba za su gane rabinta ba, daga can bakin ruwa kuma maza na tura jirage suna amsa wa juna da Larabci, jakuna na kuka, tsuntsayen teku na faɗa a kan kayan cikin kifi. Duk wannan a lokaci ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa cewa hayaniya ta dame shi. Yau idan ɗan maƙwabci ya buga ƙwallo a jikin bango sai an kira mai gidan haya.

Aikina shi ne ruwa da awaki. Rijiyar garin tana gindin harra, tafiya ce mai ɗan nisa, mukan tafi mu 'yan mata da jakuna da salka, mu dawo muna waƙa. Takalman tayar mota muke sawa, don harra ba ta san tausayin ƙafa ba, duk wanda ya girma a can da tabo a ƙaurinsa. Amma idan aka yi sa'ar ruwan sama a lokacin sanyi, sai ka rantse ba ita ba ce. Ciyawa ta tsiro ta kowane tsagi, furanni rawaya da shuɗi su rufe baƙin nan, awaki su ci har su riƙa nishi, nono ya wadata har a yi kyauta da shi. Akwai wani rami da muke kira hancin dutse, iska mai ɗumi ke fita daga ciki, da sanyin safiya mukan jeru mu miƙa hannuwa a kai. Masu ƙarfin hali su kwanta su kafa kunne a ƙasa, su ce suna jin gurnani can ciki. Ni ma na taɓa ji, kamar cikin mutum mai yunwa. Manya ba su hana mu zuwa ba, sai dai su ce kada a jefa dutse a ramin, kada a yi zagi a wurin. Sukan ba mu labarin wutar da ta taɓa fita a gabashin Madina tun zamanin kakannin kakanni, ta yi ta malala kamar kunu har ta kusa gari, mutane suka duƙufa da addu'a Allah ya juya ta. Muna jin labarin kamar tatsuniya, muna gasa kifi muna lasar yatsu.

Shekarar da abin ya faru na fara zama budurwa, Inna kuma tana da tsohon ciki, bayan ta daɗe ba ta samu ba, ta yi ta ɓari a tsakani. Gida duka ya ɗora rai a kan cikin nan. Baba ya hana ta niƙa, ni na gaji dutsen. Kwanaki kafin nan awaki suka fara ƙin hawa harra, sai an kora su da sanda. Kwanuka sukan yi 'yar ƙara a kan juna ba wanda ya taɓa su. Kaka ta ce mai barci ne ke juyi, a bar shi ya gyara kwanciya. Masunta kuwa ba su fasa fita ba, don yunwa ba ta jiran dutse.

Da hantsi ne, maza duk suna cikin teku, ina durƙushe ina niƙa, sai na ga garin da na tara yana zamewa daga bakin dutsen shi kaɗai. Kafin in ɗaga kai ƙasa ta motsa a ƙarƙashin gwiwoyina kamar na hau bayan raƙumi yana miƙewa. Randunanmu biyu suka gwabzu da juna suka fashe, ruwa ya malale tsakar gida, katangar ɗakin Kaka ta tsage daga sama har ƙasa. Ko'ina sai salati. Mata suka fito da yara a hannu suka nufi bakin ruwa, inda ba gini ba dutse. Na kama Inna ta wannan gefe, Kaka ta kama ta ta wancan, muna tafe tana cije leɓe. Ba mu kai rairayi ba ta tsaya, ta dafa kafaɗar Kaka.

"Iya, abin ya zo," ta ce a hankali.

Kaka ta dube ta, ta dubi harra inda ƙura ta tashi ta rufe tsaunuka, ta ce, "To, ya zaɓi ranarsa. Ke 'yar nan, je ki ɗauko Hala."

Hala tsohuwar Balarabiya ce maƙwabciyarmu, ita ce ungozomar garin, duk wanda ke yawo a wurin a hannunta ya faɗo. Ƙafafunta sun daɗe da gajiya, na same ta zaune a ƙofar gidanta tana jan carbi, ba ta ko yi niyyar gudu ba. Na ce mata Inna ce. Ta miƙo hannuwa kamar yarinya, na goya ta a baya, ba ta fi nauyin salka ba, tana ta faɗa mini a kunne, "Sannu sannu, ya binti, 'yata, in kin kayar da ni wa zai karɓi ɗan?" Da muka iso mata sun riga sun jingina wani tsohon jirgi a gefe, sun yafa masa filafilinsa, zanen nan da iska ke turawa, ya zama ɗaki. Aka shigar da Inna.

Can Hala ta leƙo ta ce ruwa. Aka dubi juna. Duk wadda aka tambaya randarta ta fashe ko tana cikin gidan da ba mai iya shiga, ga teku a gabanmu ba iyaka amma ba a wanke jariri da maijego da ruwan gishiri, ba a kuma ba su shi su sha. Ruwa ɗaya ne, yana gindin dutsen da kowa ya gudo daga gare shi. Ba wanda ya ce in je. Kaka ta fito daga ƙarƙashin filafilin, ta tsaya a gabana.

"Ni ƙafata ba za ta kai ba," ta ce. "Ubanki na ruwa. Ba zan ce ki je ba, ba zan ce kada ki je ba."

Na ce, "Ina salkar?"

Ta tofa mini addu'a a ka, ta ɗaure mini ɗankwali da hannunta, ta ce in na ji ƙasa ta motsa in zauna a fili, kada in raɓi dutse. Jakinmu ya bi ni har ƙarshen gidaje, daga nan ya kafe, na ja, na daka, na roƙe shi, ya ƙi. Na sauke salka ɗaya na rataya, na bar shi nan. Wata ƙawata 'yar masunta, wadda muke zuwa ɗiban ruwa tare, ta biyo ni da gudu da tata salkar, ta ce uwarta ba ta sani ba. Muka kama hanya muna karanta duk abin da muka haddace, har da wanda ba wurinsa ba ne. Hanyar da muka sani kamar tafin hannu ta canza, duwatsu sun gangaro sun tare ta, wani wuri ƙasa ta tsage tsawon igiya, muka tsallake. A tsakiyar tafiya ta sake motsawa, muka zauna daɓas muka rungume juna, ƙananan duwatsu na gangarowa suna ƙara kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Da ta lafa ƙawata ta dube ni, fuskarta duk ƙura, ido kawai ake gani, ni ma ashe haka nake, sai muka fashe da dariya muna hawaye.

Rijiyar tana nan, bakinta ya ɗan zube ta gefe ɗaya. Abin da ya ba mu mamaki, tururi ne ke tashi daga ciki. Na zura guga, na ce ko ta ƙafe ko ta lalace. Guga ya fito cike, na taɓa na janye hannu. Ruwan da muka sani mai sanyi kamar na randa ya yi zafi, irin zafin da sai an sirka kafin a yi wanka, da ɗan wari kamar na farar wuta. Na ɗanɗana, ba ɗaci ba gishiri. Muka cika salkunan muka juyo, zafin na ratsa mana baya, ba mu ƙara tsayawa ba.

Tun daga nesa na jiyo guɗar Kaka, guɗa irin ta gida, matan Larabawa na amsa mata da tasu. Na ƙarasa da gudu. Hala ta karɓi salkar, ta zuba a tafinta, ta ɗago ta dube ni.

"Wa ya hura muku wuta a can?"

Na ce, "Haka muka same shi."

Kaka ta taɓa, sai ta kama dariya har da riƙe ciki. "Kun ga ɗan halak," ta ce. "Dutsen nan ya san ya tsorata mai ciki, shi ne ya ɗora mata ruwan wanka."

Namiji ne, ƙato, mai murya. Aka wanke shi, aka wanke Inna, aka ajiye saura ya huce don sha. Aka ce in shiga. Ni 'yar fari ce, Inna ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai "ke" ko "'yar nan", ba ta kallona ido cikin ido gaban mutane, haka al'adarmu take ko a nan. Na durƙusa a bakin filafilin, ƙaurina na jini ban ma sani ba. Ta dubi ƙafafuna, ta dubi fuskata, sai ta kira sunana, cikakke, sau ɗaya, da murya ƙasa ƙasa. Ta ce, "Zo ki ga ƙaninki." Ba ta sake kiran sunan nan nawa ba har ta koma ga Allah, ni kuma ban taɓa bukatar ta sake ba.

Maza sun hango ƙurar daga cikin teku, suka zaci wuta ce ta fito ta cinye garin, suka yanke taru suka juyo. Baba bai jira jirgi ya kai gaɓa ba, ya faɗa ruwa yana kutsawa har ƙirji, yana kiran Kaka. Ta tare shi ta ce, "Ka yi a hankali, malam, za ka tashi baƙo." Ya tsaya ruwa na zuba daga jikinsa, bai gane ba, sai da aka miƙo masa jaririn a cikin mayafin Hala. Ya yi masa kiran salla a kunne, ya kasa ƙarasawa sai da ya sake farawa.

Mun daɗe a bakin ruwa, garin duka, don ƙasa ba ta daina ɗan motsi ba kuma ba mai son rufi a kansa. In ka tambaye ni kwanakin da na fi jin daɗi a duniya, su ne waɗannan. Ba katanga tsakanin kowa da kowa, tukunya ɗaya ake ɗorawa babba, yau shinkafa da kifi irin ta masunta, gobe tuwon Kaka da miyar busasshen kifi, har tsofaffin Larabawa suka koyi cewa a ƙara musu. Yara ba aike ba tsawa, muna iyo har fatarmu ta yi fari da gishiri. Wasu gidaje sun tattara sun tafi, motar hukuma ma ta zo ta ce mai son Madina ya hau. Baba ya so ya tura Inna da jaririn, Kaka ta ce atafau.

"A Madina wa zai dafa mata ruwa safe da yamma? Ka san tsadar itace. Nan ga wanda ya ɗauki aikin kyauta."

Baba ya ce, "Iya, in dutsen ya tashi gaba ɗaya fa?"

Ta ce, "Jirginka na ɗaure a nan. In ya tashi mu shiga ruwa mu bar masa garin. In bai tashi ba, mun ci ribarsa."

Haka aka yi. Jirage na ɗaure da guzuri a ciki, maza na kallon tsaunuka bi da bi, ni da ƙawata kuma da samarin da aka haɗa mu da su muna jigilar ruwan zafi, jakin ma ya huce ya koma aiki. Kaka ta samo ganyen magarya a kwari, ta riƙa fyaɗa wa Inna wankan jego a bayan jirgi, matan Larabawa na leƙe suna ta mamaki, har wata mai ciki a cikinsu ta ce ita ma in ta haihu sai an yi mata. Ranar suna aka yanka akuya biyu a kan rairayi, masunta suka kawo gangarsu, Kaka ta cashe da tsufanta har ɗankwali ya faɗi. An raɗa wa yaron sunansa na littafi, amma ba wanda ya kira shi da shi, Hazza kowa ke ce masa, wato girgiza, har yau da furfurarsa a unguwar Aƙiƙ haka jikokinsa ke jin ana kiransa. Rijiyar kuwa ta fara hucewa kafin arba'in ta cika, kwanakin ƙarshe sai da muka haɗa da itace, Kaka na mita tana cewa dutse ma halin 'yan ƙodago gare shi, ba ya ƙarasa aiki. Wuta ba ta fito ba. Muka koma gida muka liƙe tsagin katanga da laka, aka sayo sababbin randuna.

Ba dutse ne ya tashe mu daga garin ba, makaranta ce da asibiti da albashi, su suka kwashe mutane ɗaya bayan ɗaya, ni aure ya kawo ni Madina. Yanzu an ce akwai na'urori a binne cikin harra masu jin numfashinta, in ta yi tari sai saƙo ya shigo waya. Abu ne mai kyau, ban raina ba. Sai dai yaran yanzu suna tsoronta ba su san ta ba, ba su taɓa shan nonon akuyar da ta ci ciyawarta ba.

Kwanan baya jikata ta haihu, aka sallamo ta daga asibiti, na ce sai ta yi wankan jego ko na mako ɗaya ne. Ta yi ta dariya tana ba ni amsa da Larabci, don tana jin Hausa amma bakinta ba ya ɗaukarta. Ta dai yarda don kada in yi fushi. Na zaunar da ita a banɗaki, na murɗa famfo ruwan zafi ya zubo daga tukunyar lantarki ta bango, na tsoma ganyen magaryar da na sa aka nemo mini, ina fyaɗa mata ina ba ta wannan labari tun daga farko. Tana ihun zafi har labarin ya ɗauke mata hankali. Da na kai wurin da ƙasa ta motsa muna tsakiyar hanya, sai ta juyo, ta haɗa kalmomin da ƙyar, da Hausa.

"Kaka, ke ba ki ji tsoro ba?"

Na ce, "Na ji mana, har fitsari ya kusa kuɓuce mini. Amma uwata ce ke jiran ruwan. Juya bayanki, yana hucewa."